Daga Takardar Cushing zuwa Kwamfuta: Tarihin Rubuta Halin Majinyaci a Ɗakin Tiyata

A shekarar 1893, a Babban Asibitin Massachusetts da ke birnin Boston, aka sa wani ɗalibin likitanci, Harvey Cushing, ya shaƙa wa majinyaci ita, maganin sa barci na wancan zamani. Majinyacin ya rasu a gabansa. Abin ya girgiza shi har ya yi tunanin barin karatun.

A lokacin, kusan shekara hamsin ke nan da fara amfani da ita a wannan asibiti, tun 1846, amma ba a da al'adar rubuta yadda jikin mai barci ke sauyawa yayin aiki. Daga 1894, Cushing da abokinsa Ernest Codman suka soma cike takarda ga kowane majinyaci: bugun zuciyarsa, numfashinsa da yawan maganin da ya shaƙa. A 1901 Cushing ya ga na'urar awon jini ta Riva-Rocci a Italiya, ya kawo ta Amurka, daga baya aka ƙara wannan awo a takardar.

Sai dai takarda tana da rauni. Lokacin da jinin majinyaci ya faɗi, hannuwan likita na can wajen ceton rai, ba ya riƙe da alƙalami. Sai ƙura ta lafa yake cike gurbin da abin da ya tuna. Wani bincike na 1989 ya kwatanta rubutun hannu da na na'ura, ya gano cewa likitoci kan sassauta alƙaluman da suka yi tsanani.

Tun wajen 1930 Elmer McKesson ya ƙera na'urar Nargraf mai yin rubutun da kanta, amma ba ta karɓu ba. Tsarin kwamfuta da ya ɓullo wajen 1980, a Jami'ar Duke da wasu wurare, shi ma tafiyar hawainiya ya yi. Ban da tsada, akwai fargaba: idan waya ta zame, na'ura ta rubuta awon ƙarya, lauya zai iya kafa hujja da shi a kotu.

Dokar HITECH ta 2009, wadda ta ba asibitocin Amurka tallafin kuɗi don komawa rubutun kwamfuta, ta taimaka wajen karya wannan turjiya. Yau a asibitocin da suka rungumi tsarin, na'ura ce ke ɗaukar awon minti bayan minti, likita kuma ya tantance abin da ta rubuta, ya yi bayani inda ta kuskure.