Mazajen da Ba a Rubuta Sunayensu Ba

Ya wajaba a tuna da mazajen yankin Tajaye da suka kwanta dama a fagen fama, domin waiwaye adon tafiya ne.

A ranar 8 ga watan Mayu na 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni. Masu kwari da baka da māsu suka tari masu bindiga. Aka karkashe jama'a masu ɗimbin yawa, aka cinna wa garin wuta. A watan Yuli na shekarar, sojojin rundunar da kansu suka harbe hafsoshin nan biyu a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa, kuma an san kaburburansu har yau. Amma waɗanda suka faɗi suna kāre Ƙonni, galibinsu babu takardar da ta riƙe sunayensu. Haka abin yake ga Abzinawan Kel Geres da suka gwabza da Nasara a Galma cikin 1901.

Da mulkin Faransa ya kafu, sai ta koma ɗibar samarin ƙasashen da ta ci da yaƙi domin su yi mata soja, a yaƙin 1914 zuwa 1918, da na 1939 zuwa 1945. An laƙaba wa rundunar sunan Senegal, alhali ta ƙunshi ƴaƴan ƙasashe da dama, har da Nijar. Wasu suka mutu a Turai. Wasu kuwa sojan Faransa ne ya buɗe musu wuta a sansanin Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba na 1944, saboda sun nemi haƙƙinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Waɗanda suka komo gida ma, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a gama daidaita shi da na Faransawa ba sai a 2011, bayan yawancinsu sun rasu.

Gaskiya ɗaci gare ta: ta hannun sarakuna kwamanda ke neman samarin da za a kai soja. Saboda haka fada ce ta fi cancanta ta adana sunayensu. Tsofaffi da maroƙa na riƙe da labaru, gidajen tsofaffin sojoji kuma ba su rasa lambobin yabo da takardu a akwati. In aka bi gida gida, daga Tajaye zuwa Illela da Malbaza da Ƙonni, aka tattara sunayen cikin kundi guda, ana karanta shi kowace shekara a ƙofar fada tare da addu'a, to an sauke nauyin da ya daɗe a wuyan masu rai. Kowane tsoho da ya rasu kafin a soma aikin, da nasa sunayen zai tafi.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ja zamanin Sarki, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.