Daga Ƙunshin Taino Zuwa Akwatin Habana

A watan Nuwamba na 1492 mutum biyu daga tawagar Kolumbus, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, suka kutsa cikin tsibirin Kyuba, suka iske mutanen Taino suna naɗe busasshen ganye, su kunna masa wuta su zuƙa. Kakan sigar ke nan, wato taba mai kauri da ake naɗewa da ganyenta, babu takarda.

Sifaniya ta hango kuɗi. A 1717 gidan sarauta ya ƙwace cinikin tabar Kyuba baki ɗaya, manoma suka yi bore har sau uku, aka kashe wasunsu a 1723. Ganyen Kyuba kuwa jirgi ke kwashe mafi yawansa zuwa masana'antar Sebil a Sifaniya. Sai a 1817 Sarki Fernando na Bakwai ya saki mara, Habana ta cika da gidajen naɗi: H. Upmann a 1844, Partagás a 1845, Romeo y Julieta a 1875.

A waɗannan gidaje ne ginin sigar ya zauna da ƙafafunsa, kuma har yau bai sauya sosai ba. Kashi uku ne: ciki, ɗamara da riga. Ciki dogayen ganye ne da ba a yayyanka ba, kuma matsayin ganye a jikin shuka shi ke raba masa aiki. Na ƙasa, volado, ba shi da wani ɗanɗano, amma shi ke riƙe wuta. Na tsakiya, seco, shi ke da ƙamshi. Na sama, ligero, wanda ya fi shan rana, shi ne mai ƙarfi da kauri, ga jinkirin ci, don haka tsakiyar ƙunshi ake cusa shi. In mai naɗi ya bar shi ya karkata gefe, wuta za ta ci ɓari ɗaya ta bar ɗaya. In ya matse da yawa, hayaƙi ba zai wuce ba. In ya sassauta, sai ta ci da sauri ta yi zafi da ɗaci. Ɗamara ce ke riƙe ƙunshin kafin a danne shi cikin mazubin katako. Riga kuwa a inuwa ake noma ta, ƙarƙashin rumfar yadi mai shara-shara, don ta fito da laushi da santsi. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: allo, wuƙa mai lanƙwasa da ake kira chaveta, da ɗigon ƙaro marar ɗanɗano don manne kai.

Ɗanɗanon da mashaya ke kwatantawa da gahawa, koko, fata ko barkono, ba barbaɗa shi ake yi ba. Ƙasar Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río ce ke fara sa hannu. Daga nan a shanya ganyen a ɗakin katako wajen kwana 50, a jibge shi ya ɗau ɗumi ya tsima har kaifinsa ya faɗi, a ɗaure shi ya kwanta, na riga cikin ɓawon dabinon Kyuba, na sama har shekara biyu ko fiye. Ƙamshin dai bai wanke sigar daga laifi ba, domin likitoci sun tabbatar tana jawo sankarar baki da maƙogwaro.

Tun 1865 gidajen naɗi suka fara ɗaukar mai karatu, ya hau dandamali yana karanta wa ma'aikata jarida da littattafai. Daga littafin Alexandre Dumas da suke so aka samo sunan sigar Montecristo a 1935. A lokacin inji ya riga ya mamaye masana'antun Amurka, yana fitar da sigar da arha.

Juyin juya halin Kastro ne ya warwatsa sana'ar. Gwamnati ta ƙwace masana'antu a 1960, Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba takunkumi a Fabrairun 1962, bayan ya sa kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa sigar H. Upmann guda 1,200. Masu gidajen suka fice da iri da gwaninta zuwa Santiyago a Jamhuriyar Dominika, Esteli a Nikaraguwa da Danli a Honduras. Da rigar Kyuba ta yanke musu, wasu suka koma ga ganyen gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya, siriri mai ɗan zaƙi. A ganina nan ne aka gane cewa ƙasa kaɗai ba ta yin sigar, tunda gidaje irin su Padrón da Arturo Fuente suna ja da Habana yau ba kunya.

Ita kuwa Kyuba ta fito da Cohiba a 1966, da farko don Kastro da manyan baƙinsa, kafin a kai ta kasuwa a 1982. Cutar funfuna ta cinye gonaki a 1980, abin da ya sa daga baya aka maye tsohon irin Corojo da masu juriya. Da kasuwa ta buɗe a shekarun 1990, gaggawa ta sa aka yi ta fitar da sigar da ba ta zuƙuwa, masu saye suka koka. A farkon shekarun 2000 masana'antun suka kawo na'urar da ke gwada wucewar iska a ƙunshi kafin a sa masa riga, wanda ya toshe a ware shi.