Jinyar Ciwon Mara a Ƙasar Gwarzo da Kabo

A garuruwan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, jinya ba ta taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. In mace ta kwanta, kafin la'asar goggonta ta iso daga Garo ko Getso da ƙullin gero da jar kanwa. Maƙwabciya ta ɗauke mata girki, kishiya ma, in ana zaman lafiya, ta kama yara. In ciwo ya ja, iyayenta su aiko a kai ta gida. Haka na taso na gani a wurin kakata, wadda ungozoma ce, kuma har gobe ina ƙaunar wannan al'ada.

Sai dai an tsara jinyar ne don ciwon da ke zuwa ya tafi: zazzaɓi, karaya, jego. Mai jego tana da kwana arba'in na wankan ruwan zafi da ganye, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama, duk unguwa ta san halin da take ciki. Ciwon mara mai dawowa duk wata bai samu wannan gata ba. Kunya ta rufe shi. Yarinya za ta shige ƙuryar ɗaki tana murƙususu, in mahaifinta ya tambaya a ce masa kanta ke ciwo.

Ba zama tsofaffi suka yi suka zuba ido ba. Kakata takan dafa citta da kanumfari da kimba, ta gasa marar da tsumma mai ɗumi, ta aika a karɓo rubutu wurin malam. Ranar kasuwa a tsaya gaban magori a sayo saiwa. Ga yawancin 'yan mata wannan ya isa. Ga wadda ciwonta ya ƙi, sai a koma ga baki: "Yi haƙuri 'yar nan, kina aure zai bar ki." In ta yi auren, a ce haihuwa ɗaya za ta yi ta huta. In haihuwar ta ƙi zuwa, a ce sanyi ne, ko aljani ya aure ta, a ƙarshe dangin miji su fara kiranta juya. Nan ne al'adar ta gaza, domin wadda ta fi kowa bukatar masu jinya ita aka bari da zargi.

A cikin irin waɗannan mata akwai masu endometiriyosis. Nama ne irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, a kan ƙwan mace, ko hanji, ko mafitsara. Duk wata yana kumbura yana zubar da jinin da ba shi da hanyar fita, sai ya bar tabo, gaɓoɓi su manne da juna. Shi ya sa ciwon ke tashi lokacin al'ada, da wajen saduwa, da wajen bahaya. Likita Karl Rokitansky ya bayyana irinsa a Biyana tun 1860, John Sampson na Amurka kuma ya kawo hasashen yadda yake aukuwa a 1927.  Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa baƙar mace ba ta cika kamuwa da shi ba, alhali dubawa ce ba a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, wato wajen miliyan 190.

Ƙanwata tana cikinsu. Abin da ya canja a zamaninta shi ne hanya: daga Babban Asibitin Gwarzo ana iya tura mace birni, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da aka kafa a 1988, yake da likitocin mata. Akan fara da hoton ciki, wani lokaci sai an zura 'yar kyamara ta gefen cibiya kafin a tabbatar. Ba a samu maganin da ke raba mutum da shi gaba ɗaya ba, kuma haihuwa ba ta warkar da shi, amma maganin rage zafi, da ƙwayoyin daidaita al'ada, da tiyata suna kawo sauƙi sosai.

Mu 'yan gida sai muka ɗauko jinyar kakata muka ƙara mata abin da ta rasa. Muna rubuta ranakun ciwon a littafi don likita ya gani. Innarmu ta daina cewa raki ne. Mijin ƙanwar tawa, Allah ya saka masa, shi ke biyan kuɗin mota ya zauna a layi tare da ita, shi ne kuma ya je ya yi wa mahaifiyarsa bayani da bakinsa, ya ce mata: "Inna, lalura ce, likita ya gani, ba laifinta ba ne." Kwanakin da ciwon ya taso kuwa, ƙanwar mijin ke zuwa daga Kabo ta karɓi girki da ɗiban ruwa.