Jari da Ƙira a Ƙasar Gusau: Wa Ya Ɗauki Kasada?

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba tarihin yadda injuna suka shigo ƙasar Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu, da garuruwan noma irin su Wanke, a kuma binciki wanda ya zuba kuɗin kafa su. Dalili kuwa, a wannan zamani ana yawan zancen samarin da ke kafa kamfanonin ƙera na'urori, da masu kuɗin da ke ba su abin da za a iya kira jarin kasada, watau kuɗin da mai shi ke zubawa cikin sabuwar sana'a bisa sharaɗin ya sami rabo cikin kamfanin, in an yi riba a ci tare, in an faɗi ya ɗauki asara. Tambayar da ta kamata ɗalibai da ma'aikatan hukuma su yi ita ce, me ya sa irin wannan jari bai taɓa isa hannun maƙerin ƙasar nan ba?

Da farko dai, raba riba da asara ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai sun yi bayanin ƙirali, inda mai dukiya ke ba wani kuɗi ya juya, su yi yarjejeniya kan kason kowa cikin riba, idan kuwa dukiyar ta salwanta ba da sakaci ba, to asarar ta mai dukiya ce. A kan irin wannan amana fatake suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, kuma da ita attajirai kamar Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa ba yaransu jari su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. Amma wannan tsari don saye da sayarwa aka gina shi. Kuɗi na fita da kaka, su komo kafin wata kakar. Maƙeri kuwa, abin da yake samu shi ne ɗan kafin alƙalami daga manomin da ya ba shi aikin fartanya ko galma, wanda bai wuce kuɗin ƙarfe da gawayi ba.

Manyan injuna sun zo ne ta dalilin auduga, wadda mutanen yankin ke kira kaɗa. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA don su sami auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu. Ƙungiyar ta kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, sa'an nan a 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Tsafe da Gusau ta kai Ƙauran Namoda. Masu wannan jari sun iya jiran shekaru masu yawa, saboda abin da suke nema shi ne kada masaƙunsu su rasa abin saƙa. Injin da kayan gyaransa duk daga ƙetare suke zuwa, don haka ɗan ƙasa ya koyi tuƙa inji da gyara shi, amma ba a ba shi hanyar ƙera shi ba.

A wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoma huɗa da shanu, ana ba su rancen bijimai da garma daga baitulmalin En'e. Garmar ma ta waje ce. Da tafiya ta yi tafiya, maƙera suka kwaikwaye ta da ƙarafan tsofaffin motoci, har ya zamana manomi na iya samun garma ko bakinta a kasuwar ƙauye. Wannan ya nuna gwaninta ba ta yi ƙaranci ba. Sai dai rancen manomi aka ba don ya saya, ba a ba maƙeri don ya faɗaɗa maƙerarsa ba.

Mataki na gaba shi ne na gwamnatin Jihar Arewa a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Hukumar sayen amfanin gona kan sayi auduga da gyaɗa a farashin da ta yanke, ta sayar a kasuwannin duniya, ta ajiye rarar. Da wani sashe na wannan rara, tare da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. A tsakiyar shekarun 1960 Gusau ita ma ta sami masaƙarta, watau masaƙar Zamfara. Abin lura a nan shi ne, manomin Wanke da ya kai kaɗarsa ma'auni yana cikin waɗanda suka tara wannan jari, ko da yake ba a rubuta masa hannun jari ko ɗaya ba. Masaƙun sun ba dubban mutane aiki, amma su ma injunansu sayowa aka yi.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya faru a Amurka a shekarar nan ta 1957. Wani kamfanin zuba jari da Georges Doriot ke jagoranta, wanda aka kafa a 1946, ya ba injiniyoyi biyu, Ken Olsen da Harlan Anderson, dala 70,000 don su kafa kamfanin Digital Equipment, ya karɓi kaso mafi girma na hannun jari. Sun fara aiki cikin ginin wata tsohuwar masaƙar ulu a Masacusets, suka ƙera kwamfutoci. Sai a 1966, bayan shekara 9, aka fara sayar wa jama'a hannun jarin kamfanin, kuma kuɗin da aka zuba ya ninka sau ɗaruruwa. Ba a nemi jinginar gida ko gona daga waɗannan injiniyoyi ba. An dubi iliminsu, aka yi haƙuri da su.

A Nijeriya kuwa, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa masu kuɗi sun karkata ga sayen hannun jari a kamfanonin da suka riga suka kafu, maimakon kafa sababbi. A 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar fasa-ƙwauri. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, ta Gusau ma ba ta tsira ba. Da yake ba a taɓa kafa masana'antar ƙera injunan a gida ba, da masaƙun suka tsaya sai ilimin da ma'aikata suka tara ya watse.

Duk da haka ƙira ba ta mutu ba. A Gusau, kamar yadda yake a Kano da kasuwar Panteka ta Kaduna, masu walda na haɗa injin casar masara, da na ɓarzar gyaɗa, da na niƙa, da amalanken shanu. Har yanzu jarinsu kafin alƙalamin mai saye ne, ko adashi, ko taimakon dangi. Banki kan nemi jingina, ya kuma ɗora ruwa, ya buƙaci biya cikin ɗan lokaci, alhali sabon inji na bukatar a gwada shi damina biyu ko uku kafin ya daidaita. A 2022 an sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, amma yawancin jarin kasadar da ke shigowa ƙasar yana tafiya ne ga kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet da ke Legas. Rashin tsaro da ya addabi ƙauyukan Zamfara ya ƙara wa masu kuɗi tsoro.

A taƙaice, tarihi ya nuna cewa duk injin da ya zauna a ƙasar Gusau, akwai wanda ya yarda ya jira shekaru kafin ya ga riba, ko dai Turawan auduga ko gwamnati, kuma babu ɗayansu da ya sa kuɗinsa a hannun maƙeri. Hukuncin ƙirali da musharaka yana nan cikin littattafai, kuma tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki ake da bankin da ba ya mu'amala da ruwa. Aikin da ya rage ga jami'o'i da ma'aikatun ciniki shi ne su gwada injunan masu walda, su ba da shaidar ingancinsu, su koya musu ajiye lissafi, domin attajiri ya sami abin dogaro idan zai shiga tarayya da su. Manomin Wanke ya taɓa ba da jarin masaƙa ba tare da an shawarce shi ba. Ya cancanci a ƙera masa injin casa a garinsu, wanda in ya lalace zai sami mai gyara kafin hatsinsa ya ɓaci.