Yadda Bishara Ta Zauna A Fort-Lamy

A wannan biki na jubili ya kamata mu waiwaya baya, mu ga ta wace ƙofa bishara ta shiga birnin da yanzu a ke kira N'Djamena, babban birnin ƙasar Chadi. Wanda bai san inda ya fito ba, da wuya ya san inda za shi.

Garin nan da yaƙi aka kafa shi. Ran 22 ga Afrilu, 1900, sojan Faransa suka gamu da Rabe a Kusiri. Rabe ya mutu a ranar, Lamy shugaban sojan Faransa shi ma ya mutu. Sai Faransawa suka gina bariki a ƙetaren Kogin Shari, suka sa masa suna Fort-Lamy. Ba da jimawa ba garin ya zama zango. Fatake daga Kano da Barno suna sauka, maniyyata Hausawa kuma suna yada zango nan a kan hanyarsu ta zuwa Makka a ƙasa. Waɗansu guzuri ya ƙare musu, suka zauna. Saboda haka tun farko gari ne na baƙi da matalauta.

A 1909 Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa Sudan United Mission a 1904, ya ratsa kudancin Chadi har ya kai Kogin Nil. Ya ga ƙasar, ya koma ya ba da labari, ya zuga zukatan masu-bi a Turai da Amurka. Aikinsa babba ne, amma shi mai-wucewa ne. Aikin da ya rage sai wanda zai ajiye kayansa ya zauna da mutane.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna shi ne John Olley. An haife shi a Ingila a 1887, ya yi zama a Niyu Zilan, ya yi aikin bishara a Afirka ta Arewa. Daga baya ya zo Kano, daga Kano kuwa ya bi hanyar gabas, hanyar fatake da maniyyata, ya shiga Chadi. Tun daga 1926 ya yi aiki a Abeshe da Fort-Lamy. Ku lura da wannan, ku masu karanta Hausa: ta ƙasarmu ya bi, 'yan'uwa 'yan Nijeriya kuwa suna cikin waɗanda suka tsaya tare da shi a farkon aikin.

Mene ne ya yi? Ya yi wa marasa lafiya magani, ya koyi harsunan mutane. Koyon harshe kuwa makarantar tawali'u ce. Babban mutum sai ya zauna a tabarma gaban manomi wanda bai taɓa riƙe fensir ba, ya yi ta tambaya kamar yaro, yana kuskure, ana dariya, ana gyara masa. A nan Bature ne almajiri, talaka ne malami. Ta haka Sabon Alkawari ya fito cikin harshen Mbai a 1943, da na Kim a 1955. Olley ya rasu a 1956. Tarurrukan da suka tsiro daga aikin nan su ne a ke kira Assemblées Chrétiennes a Chadi.

Ba shi kaɗai ba ne. Paul Metzler na Baptist ya sauka Fort-Archambault, wato Sarh, a 1925. Victor Veary na Sudan United Mission ya yi aiki cikin Ngambai a wajen Mundu. Mutanen kudu da suka ba da gaskiya suka riƙa zuwa Fort-Lamy neman aiki, lebura da soja da masu dafuwa, suna taruwa a gidajensu don addu'a. Sunayen yawancinsu ba su cikin littafi, amma su ne suka ɗauki Maganar unguwa unguwa.

Chadi ta sami mulkin kai a 1960, a 1962 kuma Ekklesiyar Bishara ta Chadi ta tsaya da ƙafafunta. Sa'an nan gwaji ya zo. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya sāke sunan birnin ya zama N'Djamena, ya kuma tilasta wa mutanen kudu shiga al'adar da a ke kira yondo. Masu-bi da yawa suka ƙi. Aka kori waɗansu Turawan mishan, aka rufe majami'u, aka kashe fastoci da masu-bishara, har mulkinsa ya faɗi a 1975. A 1979 da 1980 yaƙi ya ci birnin, dubban mutane suka ƙetare kogi zuwa Kusiri. Da a ce Ekklesiya ta dogara ga aljihun Bature, da ta watse a shekarun nan. Ba ta watse ba, domin an riga an miƙa Littafi a hannun talaka cikin harshensa, an amince da shi.

Ubangijinmu ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun almajiransa, a daren nan kuwa ya kira su abokansa (Yohanna 13 da 15). Mai kyauta daga nesa yakan sami godiya, amma sai wanda ya ci tuwo a akushi ɗaya da matalauci ne ya kan san damuwarsa. Ɗan'uwa, in ka kai wa maƙwabcinka taimako, ko Kirista ko Musulmi, kada ka tsaya a bakin ƙofa. Ka shiga, ka zauna, ka sha ruwan da ya ba ka, ka koyi abin da ya sani. Allah ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.