Ƙungiyar CSO: makarantar shugabannin Latino a Kalifoniya

Community Service Organization, wadda aka fi sani da CSO, ƙungiya ce ta Amurkawa 'yan asalin Meziko da aka kafa a shekarar 1947 a unguwar Boyle Heights da ke gabashin birnin Los Angeles. Aikinta shi ne yi wa talakawa rajistar zaɓe, da koya musu yadda za su zama 'yan ƙasa, da kai kokensu gaban hukuma. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta a tarihi shi ne mutanen da ta horar. A hannunta Cesar Chavez da Dolores Huerta suka koyi haɗa kan jama'a, kuma da ƙarfinta Edward Roybal ya shiga majalisar birnin.

Faɗuwa zaɓe ce ta haifi ƙungiyar. A 1947 Roybal, tsohon soja kuma ma'aikacin wayar da kai kan tarin fuka, ya nemi kujerar kansila bai samu ba. Magoya bayansa suka duba suka ga cewa 'yan uwansu suna da yawa a mazaɓar, amma sunayensu ba sa cikin kundin masu zaɓe. Suka haɗu da Fred Ross, wani Bature ɗan Kalifoniya da ya daɗe yana aiki a sansanonin leburorin gona, sannan wata cibiyar haɗa kan jama'a ta Saul Alinsky da ke Chicago ta ɗauki nauyin albashinsa. Masu sa kai suka yi rantsuwar zama mataimakan jami'in rajista, suka bi gida gida da yamma bayan an tashi daga aiki, har suka shigar da dubban sababbin sunaye. A 1949 Roybal ya lashe kujerar da goyon bayan Yahudawa da baƙar fata da 'yan asalin Japan na yankin. Tun ƙarni na 19 ba a ga ɗan asalin Meziko a wannan majalisa ba sai a kansa.

Hanyar da Ross ya bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce gadon da ya fi daɗewa. Ba ya fara da babban gangami. Yakan roƙi mutum ɗaya ya gayyato 'yan uwa da maƙwabta kaɗan zuwa falonsa. A nan za a zauna, kowa ya faɗi abin da ke damunsa: titin da ba kwalta, rashin fitilun hanya, ɗan sandan da ya mari yaro, makarantar da ta raina ɗalibai masu jin Sifaniyanci. Kafin a watse, sai a nemi wani daga cikin baƙin ya karɓi zama na gaba a nasa gidan. Wanda ya cika alkawari ya tara mutane, shi ne ake sa wa ido. A ba shi ƙaramin aiki, in ya yi a ƙara masa. Ta haka ake gane shugaba, ta aikin da ya yi, ko da ilminsa na boko bai yi nisa ba. Mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan wahala, su ne masu buɗe gidajensu da ƙwanƙwasa ƙofofi, ko da yake sunayen maza aka fi rubutawa.

Ƙungiyar ta nuna ƙarfinta bayan Kirsimetin 1951, lokacin da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa wasu samari bakwai da ke tsare mugun duka, akasarinsu 'yan asalin Meziko. CSO ta tsaya kai da fata har aka yi bincike, aka gurfanar da wasu jami'ai, aka kuma sami wasunsu da laifi. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1952 Ross ya isa San Jose, inda ya haɗu da Chavez, matashi ɗan shekara 25 da ke zaune a wata unguwar talakawa mai suna Sal Si Puedes. Da farko Chavez bai yarda da baƙon ba, ya ɗauka irin masu zuwa binciken talakawa ne su rubuta su tafi. Zama ɗaya ya sauya masa ra'ayi, ya shiga aikin rajista, daga baya ya zama ma'aikacin ƙungiyar, har ya kai ga shugabancin gudanarwarta. Huerta, malamar makaranta, ta shigo ta reshen Stockton a 1955, ta kuma zama mai kare muradun ƙungiyar a majalisar dokokin jiha a Sacramento. Dokar shige da fice ta 1952 ta ba wa dattawan da suka haura shekara 50 kuma suka yi shekara 20 a ƙasar damar yin jarrabawar zama ɗan ƙasa ba tare da Turanci ba, sai CSO ta buɗe azuzuwan dare don shirya su. A 1961 aka yi nasarar sa jihar ta riƙa biyan kuɗin tallafin tsufa ga tsofaffin da suka daɗe a ƙasar ba su da takardar zama 'yan ƙasa. Zuwa farkon shekarun 1960 rassan ƙungiyar sun haura 30.

Nasara ta zo da rabuwar kai. Yayin da ƙungiyar ta yi suna, lauyoyi da 'yan kasuwa da masu neman muƙami suka yawaita a cikinta, hankalinsu ya fi karkata ga al'amuran birni. Chavez ya so a juya ga leburorin gona, waɗanda suka fi kowa shan wuya. Babban taron da aka yi a Calexico a 1962 ya ƙi amincewa, shi kuwa ya ajiye muƙaminsa ya koma Delano. Can shi da Huerta da Gilbert Padilla suka kafa ƙungiyar leburorin gona da wannan dabara ta zaman falo, kuma ita ce ta shiga yajin aikin gonakin inabi da ma'aikata 'yan Filifin suka fara a 1965. CSO ba ta sake samun tasirinta na da ba, kuma za a iya cewa ƙin da ta yi a Calexico ya raba ta da mafi ƙwazon 'ya'yanta.

Roybal ya ci zaɓen majalisar wakilan tarayya a 1962, ya yi shekara 30 a cikinta. A 1976 yana cikin waɗanda suka kafa rukunin 'yan majalisa 'yan Latino, wato masu asali daga Latin Amurka, shi ne kuma ya assasa NALEO, ƙungiyar da har yau take horar da zaɓaɓɓun jami'ai 'yan Latino da taimaka wa baƙi neman zama 'yan ƙasa. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa al'ummar Latino ta haura mutum miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na jama'ar Amurka, amma har yanzu fitowarsu zaɓe ba ta kai ta farar fata da baƙar fata ba.