Ranar Sauka Daga Gadon Sarauta

Karatu: 1 Sama'ila 18:1-4, 23:15-18, Filibiyawa 2:5-11

Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a ƙasarmu ya san yadda ranar take. Ana busa kakaki, ana kaɗa tambari, dawaki suna sukuwa, maroƙa suna kirari, wanda aka naɗa wa rawani kuwa yana tsakiyar jama'a kamar ba zai taɓa tsufa ba. Amma akwai rana ta biyu da take jiran kowane mai rawani, wadda ba a busa mata kakaki, ita ce ranar da zai rabu da gadon. A wannan rana ce ake gane yadda mutum ya ɗauki sarauta tun farko, ko kayansa ce, ko amanar Ubangiji. Domin mu ga haka, za mu dubi sarakuna uku da suka yi zamani ɗaya, shekara ɗari biyar da suka wuce, biyu a wannan yanki namu, ɗaya a Turai, sa'an nan mu komo gida Gwandu.

Na farko shi ne Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, wanda fadarsa take a birnin Gawo a bakin kogin Kwara. Ya ƙwaci mulki da takobi a shekarar 1493 daga hannun ɗan Sonni Ali, ya faɗaɗa daularsa har ta kai Agadas, ya yi shekara talatin da biyar a kan gado. Da tsufa ya kama shi sai ya makance, amma bai sauka ba. Wani amintaccen bafadensa ya riƙa tsayawa kusa da shi yana rufa masa asiri, domin kada jama'a su gane sarki ba ya gani. 'Ya'yansa suka gaji da jira. Wajen shekarar 1528 ɗansa Musa ya tuɓe shi, ya kashe waɗansu daga cikin 'yan'uwansa, shi ma aka kashe shi a 1531. Wanda ya gaji Musa ya kai tsohon wani tsibiri a tsakiyar kogi, inda sauro da kwaɗi suka zama abokan zamansa. Sai a 1537 wani ɗansa, Isma'ila, ya komo da shi Gawo, ya rasu a shekara mai bi. Mutumin da ya iya tsara daula ya kasa tsara ranar saukarsa, gidansa kuwa ya biya da jini.

Na biyu namu ne, wato Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Yana cikin mayaƙan da suka raka Askiya yaƙin Agadas. A kan hanyar komowa aka yi gardama a kan rabon ganima, Kanta ya ga an tauye masa rabonsa, ya yi tawaye wajen shekarar 1516. Rundunonin Songhai suka zo masa, suka koma ba nasara, gama mayaƙansa jarumai ne, fadamun Gulbin Kabi kuma ba su da daɗin ratsawa ga baƙon doki. Ya gina birnin Surame da ganuwa ta duwatsu da laka, irin wadda ba a saba gani ba a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta labarinsa kusan shekara ɗari uku daga baya, ya lissafa Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Asbin cikin ƙasashen da suka ji ƙarfinsa.

Kanta ba a tuɓe shi ba, bai kuma sauka da kansa ba. Bisa ga abin da magabata suka bar mana, ya kori rundunar Barno har Nguru ya yi nasara, amma yana komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu bai iso gida ba, aka kawo gawarsa Surame. Sarkin da manyan dauloli biyu suka kasa karyawa, kibiya ɗaya ce ta sauke shi daga kan doki. Zuriyarsa sun riƙe ƙasar shekaru masu yawa, amma wajen farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, aka koma Birnin Kebbi. Wanda ya je ƙasar Binji a Jihar Sakkwato yau zai ga kufan, duwatsun ganuwa suna nan a jere, itatuwa sun tsiro a inda fada take.

Na uku yana hayin teku. A shekarar nan ta 1516 da Kanta ya ɗaga kai, wani yaro ɗan shekara goma sha shida mai suna Karlos ya zama sarkin Sifaniya. Ta wurin gādo daga kakanninsa na uwa da na uba ya mallaki ƙasashen da ake kira Holan da Beljiyam yau, da kudancin Italiya, da Ostiriya. A 1519 aka zaɓe shi babban sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus, aka san shi da Karlos na Biyar. A zamaninsa ne sojojin Sifaniya suka ci Meziko da Feru, jiragen ruwa suka riƙa kawo masa azurfa da zinariya. A gabansa ne Matin Luta ya tsaya a birnin Woms a 1521, ya ƙi janye koyarwarsa. A 1525 sojojinsa suka kama sarkin Faransa a fagen yaƙi. Ba wani sarkin Turai na zamaninsa da ya kai shi faɗin ƙasa.

Duk da haka abin da ya fi so bai samu ba. Ya so ya mai da dukan Jamus ƙarƙashin ikilisiya ɗaya da ƙarfin soja, amma a 1555 aka yi sulhun Ogsbag, wanda ya bar wa kowane basaraken Jamus ikon zaɓen Katolika ko koyarwar Luta a ƙasarsa. Ciwon gaɓoɓi kuma ya cinye shi. Ran 25 ga Oktoba 1555, a birnin Birasels, ya shigo gaban manyan ƙasa yana dogara da sanda da kafaɗar wani saurayin basarake, ya lissafa tafiye-tafiyensa, ya roƙi gafarar waɗanda ya yi wa laifi ba da saninsa ba, ya miƙa wa ɗansa Filibus mulkin ƙasar. A farkon 1556 ya ba shi Sifaniya, ya bar wa ƙanensa Fadinan daular Jamus. A 1557 ya koma wani ɗan gida da aka gina masa a jikin majami'ar ruhubanawa a Yuste, aka buɗe masa ƙofa yadda zai hangi bagade daga kan gadonsa. A can ya rasu ran 21 ga Satumba 1558.

Da labarin ya tsaya a nan, da mun ce ga wanda ya iya sauka. Amma gaskiyar tarihi ta fi haka nauyi. A Yuste manzanni ba su daina zuwa da takardu ba, shi ma bai daina aika umarni da sunan shawara ba. Sa'ad da ya ji an gano masu bin koyarwar Luta a cikin Sifaniya, ya rubuta wa 'yarsa, wadda take riƙon ƙasar, cewa a hukunta su ba sassauci. Bayan mutuwarsa aka ƙone waɗansunsu da wuta. Ya tuɓe rawanin daga kansa, amma zuciyarsa tana kan gado har ranar da ya mutu.

Ga sarakuna uku ke nan: ɗaya aka fizge shi daga gado, ɗaya mutuwa ta tarar da shi a kan sirdi, ɗaya ya sauka da ƙafa ɗaya. Hausawa suka ce sarki goma, zamani goma. Ko akwai wanda ya saki abin da yake ganin nasa ne tun yana da ƙarfin riƙewa? Akwai, ba ma nesa da mu ba.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, a shekarar da jama'ar Shehu suka zauna a Gwandu. Malami ne, mayaƙi ne, shi ne kuma wazirin ɗan'uwansa. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Abdullahi yana da dalilin sa rai shi zai gaje shi. Amma ya iso ya tarar an rufe masa ƙofar gari, an riga an naɗa Muhammadu Bello, ɗan Shehu, wanda yake ɗa ne a wurinsa. Ya juya ya koma Gwandu da ciwo a zuciya, zumunci ya yi sanyi shekaru. Bayan haka tawaye ya tashi a Kalambaina, kusa da Gwandu, ya gagari Abdullahi, Bello ya zo da runduna ya taimake shi. Da aka ci garin, su biyu suka haɗu a kan dawakansu. Bello ya yi shirin sauka domin ya gai da baffansa kamar yadda al'ada ta tanada, sai Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga nan gidajen biyu suka daidaita. Abdullahi ya bar yawancin hidimar mulki a hannun ɗansa da ɗan ɗan'uwansa, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu wajen 1829. Hubbarensa yana nan a Gwandu.

Malam Abdullahi ba mai bin bangaskiyarmu ba ne, yaƙin da ya jagoranta kuma ya bar wa Kabawa tabon da suka daɗe suna ji. Amma Littafi Mai Tsarki da kansa bai ji kunyar nuna mana abin kirki a wurin waɗanda ba na Isra'ila ba, kamar Sairus sarkin Farisa da Na'aman mutumin Suriya. Sunkuyawar dattijon nan a Kalambaina ta hana daula tsagewa biyu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Wannan ya kai mu ga karatunmu. Saul ya san Ubangiji ya riga ya ba wani sarautar, amma ya ƙare shekarunsa yana farautar Dawuda daga kogo zuwa kogo, har ya mutu a Dutsen Gilbowa tare da 'ya'yansa uku. Jonatan kuwa shi ne magajin gado, jarumi ne, jama'a suna ƙaunarsa, shi ne zai fi kowa hasara idan Dawuda ya hau. Duk da haka ya tuɓe rigarsa, ya ba Dawuda tare da takobinsa da bakansa da ɗamararsa. Sa'ad da Dawuda yake ɓoye a jejin Zif, Jonatan ya neme shi, ya ƙarfafa shi cikin Allah, ya kuma faɗa masa da bakinsa cewa shi ne zai yi sarauta. Abin da ya raba ɗan da uban shi ne sanin mai sarautar. Saul yana ganin tasa ce, saboda haka duk wanda ya taso abokin gāba ne. Jonatan ya san ta Ubangiji ce, saboda haka ya iya yin murna da wanda aka ba.

Dukan waɗannan inuwa ce kawai ta Ubangijinmu Yesu Almasihu. Askiya da Kanta da Karlos sun riƙe abin da aka ara musu. Shi kaɗai ne sarautar take tasa tun fil'azal, ba tsufa ko kibiya ko ciwo da zai raba shi da ita, shi ne kuma ya sauko da yardar ransa. Manzo Bulus ya nuna wa Filibiyawa matakan saukowar ɗaya bayan ɗaya, daga ɗaukakar sama zuwa kamannin bawa, daga nan zuwa mutuwar gicciye, sa'an nan Uba ya ɗaukaka shi bisa kowane suna. Bai kuwa rubuta musu haka domin sarakuna ba. Ya rubuta wa ƙaramar ikilisiya ce wadda jayayya ta fara shiga tsakanin ma'aikatanta.

'Yan'uwa ƙaunatattu, ba ɗayanmu a Cheberu ko Gwandu ko Kalgo da zai mallaki Surame. Amma kusan kowa yana da ɗan gadonsa. Akwai dattijon ikilisiya wanda wa'adinsa ya cika, akwai shugabar zumuntar mata da ta yi shekara goma sha biyar tana riƙe da littafin kuɗi, akwai mai koyar da mawaƙa da ya ga yaron da ya koya wa ya fi shi murya, akwai mai wa'azi da aka yi wa canjin wuri, akwai uba da ƙarfinsa ya ƙare amma bai yarda ya nuna wa 'ya'yansa iyakar gonar fadama ba. Mun ga wanda ya yi irin ta Askiya, ya ɓoye gazawarsa har aka cire shi da faɗa. Mun ga mai irin ta Kanta, wanda bai koya wa kowa aikin ba, ran da ya faɗi aka rasa inda mabuɗi yake. Mun fi ganin mai irin ta Karlos, wanda ya miƙa kujera ran Lahadi, ran Litinin ya fara tara mutane a zaurensa yana warware abin da sabon shugaba ya ƙulla. A wuraren da masu bi ba su da yawa, ikilisiyar da ta rabu saboda kujera takan yi shekaru ba ta warke ba, maƙwabta kuma suna kallo, suna auna bisharar da muke faɗa da halin da muke nunawa.

Saboda haka wanda yake riƙe da wani aiki a gidan Allah ya fara shirin ranar saukarsa tun yau. Ya jawo wani kusa ya koya masa, ya buɗe littattafan a gaban 'yan'uwa, ya faɗi gaskiya idan ido ko ƙarfi ya fara raguwa. Ran da aka zaɓi wani, ko da ɗan cikinsa ne a shekaru, ya zama na farkon zuwa gaishe shi, ya kuma bar shi ya yi aikin. Wanda aka ba kujerar kuma ya tuna Bello ya fara kai hannu ga sirdi domin ya sauka wa baffansa. Kada ya wulakanta wanda ya riga shi.

Addu'a: Ya Ubangiji, Sarkin sarakuna, kai ne mai naɗawa, kai ne mai saukewa. Ka gafarta mana inda muka mai da aikinka kayan gādonmu. Ka ba mu zuciya irin ta Jonatan, mu yi murna da wanda ka zaɓa, ka kuma koya mana tawali'un Ɗanka wanda ya sauko dominmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.